Babi na Bakwai: Mamurɗi, Yadda Hannu Ke Ba Na'ura Umarni

Mamurɗi shi ne ɗan dunƙulen roba ko na ƙarfe da ake kamawa da yatsu a juya shi dama ko hagu don a ƙara ko a rage wani abu a jikin na'ura. A Kaduna ba sai an koya wa kowa aiki da shi ba. Tun shekarar 1962 da Gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna, wanda ɓangarensa na rediyo ya koma hannun Gwamnatin Tarayya daga baya, hannun jama'a ya saba da murɗa tasha da ƙara murya. Ga mamurɗin fanka, ga na ayan guga, ga na rishon gas. Wannan sabon shi ne babbar ribar mamurɗi a kan maɓallan dannawa. Mai kiwon kaji a Kawo ko Unguwar Dosa da bai taɓa buɗe kwamfuta ba ya san cewa dama ƙari ce, hagu ragi, kuma ba ya bukatar takardar bayani kafin ya kai hannu.

Ita kuwa maikurokwanturola, wato 'yar ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke sarrafa na'urar, ba ta ganin hannu kuma ba ta jin juyi. Abin da ta sani kawai shi ne ƙarfin wutar da ke kan ƙafafunta. Saboda haka dole a sami wani abu a ƙarƙashin mamurɗin da zai mayar da juyin ya zama wuta. Abubuwa uku ne aka fi samu a wannan gurbi: bolum, da inkoda, da makunni mai matakai. In an rufe su da hula iri ɗaya, ido ba ya bambanta su, amma aikinsu a ciki ya sha bamban, kuma wanda ya zaɓi ɗaya a inda ɗan'uwansa ya dace zai yi ta gyaran manhaja alhali matsalar ba a can take ba.

Misalin da za a bi a wannan babi shi ne na'urar ƙyanƙyasar ƙwai, ɗaya daga cikin ayyukan da ɗaliban fannin lantarki suka fi ɗauka a matsayin furojet na shekarar ƙarshe, a makarantu irin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da ke Tudun Wada, wadda ta faro a 1956 a matsayin cibiyar koyar da sana'o'in fasaha. Ƙwan kaza yana son zafi kusan digiri 37.5 na ma'aunin Selshiyos har kwana 21, kuma bambancin digiri ɗaya tak, in ya daɗe, yana iya rage yawan 'yan tsakin da za su fito. Ƙwaƙwalwar da za a yi misali da ita ita ce ATmega328P da ke kan allon Arduino Uno. An fara aikin Arduino a garin Ivrea na Italiya a 2005, kuma Uno da kwafe-kwafensa na ƙasar Sin su ne allunan da suka fi yawa a hannun masu koyo.

Bolum

Abin da masu gyaran rediyo ke kira bolum, rasista ce mai ƙafa uku. A cikinsa akwai wata 'yar hanya ta gawayi da aka lanƙwasa kamar kofaton doki. Ƙafafun gefe biyu suna manne da bakunanta, ta tsakiya kuma tana haɗe da wani ɗan harshen ƙarfe da ke gogar gawayin in an juya. Juyinsa yana da iyaka, yawanci tsakanin digiri 270 da 300, sai ya tsaya cak.

Haɗa shi ba wuya. Ƙafar gefe ɗaya ta tafi bolt 5, ɗayar ta tafi GND, ta tsakiya ta shiga A0. In harshen yana can ƙarshen GND, A0 za ta ga sifiri. In yana ɗaya ƙarshen, bolt 5. A tsaka-tsaki, rabi. A cikin ATmega328P akwai sashen da ke mayar da wannan wuta lamba, daga 0 zuwa 1023, wato kowane mataki kusan milibolt 4.9 ke nan. Umarnin analogRead yana ɗauko lambar cikin kusan kashi ɗaya bisa dubu goma na sakan. Bolum mai 10K shi ya fi dacewa: wutar da yake sha rabin miliamfa ce kawai, kuma bai wuce iyakar da masu ƙera ƙwaƙwalwar suka ba da shawara ba. Na 500K ko 1M yana aiki, amma lambar tana rawa.

Akwai wata fa'ida a wannan haɗi da ba kasafai ake lura da ita ba. Uno tana auna wutar A0 ne da ma'aunin wutar da ita kanta take ci. In cajar da ke ciyar da allon ta sauka daga bolt 5 zuwa 4.7, wutar bolum ta sauka, ma'aunin ma ya sauka tare da ita, lambar ba ta motsa ba. Ga na'urar da za ta rayu a kan wutar janareta da cajar kasuwa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Allon ESP32 ba haka yake ba: bolt 3.3 yake ci, lambarsa tana kaiwa 4095, kuma awonsa ba ya tafiya daidai a kusa da ƙarshen biyu. Wanda ya haɗa masa bolum da bolt 5 yana iya ƙona ƙafar.

Kuskuren haɗi da ya fi ɓarna shi ne a sa bolt 5 a ƙafar tsakiya. Komai zai yi kamar lafiya har sai an murɗa zuwa ƙarshen da ke GND. Nan take wutar ta sami gajeriyar hanya, allon ya mutu ko ya sake tashi, wani lokaci a ga ɗan hayaƙi a ji ƙaurin gawayi, kuma daga ranar bolum ɗin yana da mataccen wuri a wannan gefen.

Sai batun harafin da ke jikinsa. A yawancin waɗanda ake shigowa da su daga Asiya, B10K yana nufin ƙarin yana tafiya daidai da juyi, A10K kuma an yi shi ne don kunne: yana hawa a hankali da farko, sannan ya yi sama da sauri a ƙarshe. Bolum ɗin da aka ciro daga tsohuwar rediyo a Panteka, kasuwar masu ƙira da kayan gwangwan da ke maƙwabtaka da kwalejin, kusan kullum irin na biyun ne. Gane shi ba ya bukatar komai sai mita. A tsayar da shi a tsakiya a auna daga ƙafar tsakiya zuwa kowane gefe. In an ga wajen 5K da 5K, mai tafiya daidai ne. In an ga gefe ɗaya bai kai 2K ba ɗayan ya haura 8K, na murya ne, a mayar da shi aljihun tebur.

A na'urar ƙyanƙyasa, ana so mamurɗin ya zaɓi zafi daga 35.0 zuwa 40.0, kashi ɗaya bisa goma a kowane mataki. Matakai 51 ke nan a kan lambobi 1024, kowane mataki yana da lamba wajen 20, ko juyin digiri 5 da ɗoriya. Hannu yana iya wannan ba wahala. Matsalar tana kan iyaka. In harshen ya tsaya daidai tsakanin 37.4 da 37.5, ɗan motsin lamba ɗaya ko biyu da ba a rasa shi a kowane awo zai sa sikirin da ke nuna zafin ya yi ta ƙyaftawa tsakanin su biyun. Maganinsa iri biyu ne kuma ana haɗa su: kafasita ta 100nF tsakanin A0 da GND tare da ɗaukar matsakaicin awo takwas ko goma sha shida, sannan a hana manhaja karɓar sabon matsayi sai lambar ta gusa da aƙalla 4 ko 5 daga wadda aka karɓa a baya.

Halin bolum da ya fi kowanne muhimmanci shi ne ba ya mantuwa. Matsayinsa a jikinsa yake. A ɗauke wuta sau goma a yini, duk lokacin da ta dawo ƙwaƙwalwar za ta karanta A0 ta tarar da shi inda aka bar shi. Amma wannan halin shi ne kuma aibinsa. Yaro ya wuce ya murɗa, zafin ya koma 40 nan take, babu mai tambaya. Kuma bolum ɗaya abu ɗaya yake saitawa. In ana son a saita zafi da laima da yawan kwanaki da lokacin juya ƙwai, sai an jera huɗu.

Inkoda

Inkoda ita ce ke ƙarƙashin mamurɗin murya na rediyon motocin zamani, wanda ake juyawa ba iyaka ana jin ƙas-ƙas a yatsu. Ita ce kuma a cikin ɗan tayan da ke bayan linzamin kwamfuta. Wadda aka fi samu a kasuwa ita ce samfurin EC11, ko ita kaɗai ko a kan ɗan allo mai suna KY-040. Yawancinsu suna da gaɓa 20 a zagaye guda, kuma in an danna sandar ciki akwai maɓalli.

Ba ta san inda take ba. Abin da take faɗa kawai shi ne an gusa gaɓa ɗaya, kuma ta wane gefe. Ƙidayar tana hannun manhaja.

A cikinta makunnai biyu ne, A da B, da ƙafa ɗaya ta tarayya a tsakiyarsu wadda ake kaiwa GND. An jera haƙoran ƙarfen da ke ciki ta yadda makunnan ba sa rufewa lokaci guda. Ɗaya yana riga ɗaya da ɗan taƙi. Kamar zaure ne mai ƙofa biyu: in labulen ƙofar waje ya riga motsawa, shigowa ake yi, in na ƙofar ciki ne ya riga, fita ake yi. Da wannan rigayyar ake gane dama da hagu.

Kowace ƙafa, A da B, tana bukatar rasista da za ta riƙe ta a bolt 5 lokacin da makunnin yake buɗe. Allon KY-040 yana zuwa da nasa na 10K a kan CLK da DT, waɗanda su ne A da B, amma sau da yawa gurbin rasistar maɓallin SW fayau yake, ba a sa komai ba. ATmega328P tana da irin waɗannan rasistoci a cikinta, tsakanin 20K da 50K, kuma ana kunna su da INPUT_PULLUP. Wanda ya manta da wannan zai ga na'urar tana danna kanta da kanta duk lokacin da hannu ya matso kusa da wayar.

In an rubuta buɗaɗɗen makunni da 1, rufaffe da 0, inkoda tana hutawa a 11. Gaɓa ɗaya zuwa gefe guda tana bi ta 01, sai 00, sai 10, ta dawo 11. Zuwa ɗaya gefen kuma 10, 00, 01, 11. A kowane taki lamba ɗaya ce kawai take sauyawa, ba a taɓa tsallakawa daga 11 zuwa 00 kai tsaye. Wannan tsarin jeri yana ɗauke da sunan Frank Gray, injiniya a ɗakunan binciken kamfanin Bell na Amurka, wanda ya nemi rajistar fasaharsa a 1947 aka ba shi a 1953. Amfaninsa zai bayyana nan gaba kaɗan.

Hanya mafi sauƙi ta karantawa ita ce a sa ido a kan A. Duk lokacin da ta faɗo daga 1 zuwa 0, a duba B. In B tana 1, a ƙara ɗaya. In tana 0, a rage ɗaya. Layuka biyar ne na manhaja, kuma shi ne abin da kusan kowane mai koyo yake fara rubutawa. A kan tebur, da sabuwar inkoda, yana aiki. Bayan 'yan watanni a cikin akwati sai a fara ganin an murɗa gaɓa ɗaya lamba ta tsallake uku, ko an murɗa dama ta koma baya.

Dalili shi ne ƙarfe ba ya haɗuwa da ƙarfe sau ɗaya ya zauna. Yana taɓawa ya saki, ya sake taɓawa, sau da yawa cikin milisakan biyu ko uku kafin ya natsu. Ɗan Adam ba ya jin wannan, amma ƙwaƙwalwar da ke bugawa sau miliyan 16 a sakan tana ganin kowace taɓawa a matsayin sabon juyi. Tsufa da datti suna ƙara tsawon wannan kakkarwa. A Kaduna kuwa datti ba ya jiran gayyata: daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana shiga duk inda iska ke shiga, a watan Agusta laima ta bi ta kanta, ga kuma gashin 'yan tsaki da ƙurar dusa in na'urar tana kusa da kejin kaji.

Ana rage kakkarwar ta ɓangaren kayan aiki da kafasita ƙarama, 10nF, daga kowace ƙafa zuwa GND, kuma ya fi kyau a sa rasista ta 10K tsakanin makunnin da kafasitar don kada wutar da ta tara ta riƙa dukan haƙoran kai tsaye. Babbar kafasita tana kashe kakkarwa, amma tana kashe juyin gaggawa tare da ita. Wasu kuma suna sa manhaja ta yi kunnen uwar shegu da duk abin da ya biyo baya cikin milisakan biyar. Wannan yana aiki har sai wani ya murɗa da sauri.

Hanyar da ta fi duka ita ce a yi amfani da jerin Gray ɗin nan. Manhaja ta riƙa tuna matsayin da ya wuce, ta gwada shi da na yanzu, kuma kada ta ƙirga komai sai an bi matakai huɗun a jere an dawo 11. In A tana kakkarwa, abin da za a gani shi ne 11, 01, 11, 01: taki ɗaya gaba, taki ɗaya baya, ba a je ko'ina ba, saboda haka ba a ƙirga komai ba. In kuma aka ga tsalle daga 11 zuwa 00, wanda ba ya yiwuwa a jikin inkodar, sai a yi watsi da shi. Ba a bukatar jira, ba a bukatar ƙiyasin tsawon kakkarwa. Ben Buxton ya wallafa wata 'yar manhajar Arduino a kan wannan tsari a 2011, kuma ana amfani da ita har yanzu. Akwai kuma ta Paul Stoffregen mai suna Encoder, wadda take ƙirga kowane taki, don haka gaɓa ɗaya takan ba da huɗu, sai an raba. Duk mai niyyar sayar da na'urarsa ga wani, ba ajiye ta a ɗakin gwaji ba, wannan hanyar ya kamata ya bi tun farko.

Wasu alamomi biyu suna rikita masu koyo alhali ba lalacewa ba ce. In dama tana ragewa hagu tana ƙarawa, a musanya wayoyin A da B, shi ke nan. In kuma lamba ba ta motsawa sai an yi ƙas biyu, inkodar irin mai gaɓa 30 ce da ke hutawa sau ɗaya a 11 sau ɗaya a 00, sai a gaya wa manhaja ta ƙirga a wuraren biyu.

Lokacin da ƙwaƙwalwa ta shagala

Bolum yana jira a karanta shi. Inkoda ba ta jira. Takin da ya wuce ba a gani ba ya tafi ke nan. Hannu mai sauri yana iya zagaye biyu a sakan, wato gaɓa 40, taki 160, kusan taki ɗaya a kowane milisakan 6. In manhaja tana leƙa ƙafafun sau ɗaya a kowane milisakan, ba abin da zai kuɓuce mata. Amma manhajar na'urar ƙyanƙyasa tana da wasu ayyuka. Ma'aunin zafi na DS18B20 yana ɗaukar milisakan 750 kafin ya gama awo mafi daidaito, kuma manhajar da aka saba karanta shi da ita tana tsayar da komai ta jira shi in ba a hana ta ba. Sake rubuta sikirin mai layi biyu ta wayoyin I2C yana cin milisakan da dama. Umarnin delay kuwa, wanda ke cike da darussan farko, barci ne kawai. Sakamakon shi ne mamurɗin da ake juyawa sau biyar ya amsa sau ɗaya, mai na'ura ya ce ya lalace.

Mafita ita ce katsewa. A kan Uno, ƙafa ta 2 da ta 3 suna iya dakatar da duk abin da ƙwaƙwalwa take yi da zarar wutarsu ta sauya, a gudanar da wani ɗan gajeren aiki, sannan a koma inda aka tsaya. A nan ake haɗa A da B. Ɗan aikin ya zama gajere ƙwarai: ya karanta ƙafafu biyu, ya gyara ƙidaya, ya fita. Ba rubutu a sikirin, ba jira. Lambar ƙidayar a yi mata alamar volatile don manhaja ta san tana iya sauyawa a bayan idonta. Akwai kuma wani tarko da ba ya bayyana sai jefi-jefi: ATmega328P tana ɗaukar lamba irin int a kashi biyu, kuma in katsewa ta faɗo tsakanin ɗaukar rabin farko da na biyu, abin da za a samu ba tsohuwar lamba ba ce ba kuma sabuwa ba. Shi ya sa ake rufe katsewa da noInterrupts, a kwafi lambar, a buɗe nan da nan.

Ƙafar katsewa tana da kunne sosai, kuma ba ta bambanta hannu da hayaniya. Rile da ke kunna ƙwan fitilar ɗumama ko injin juya ƙwai yana watsa ɗan tartsatsi duk lokacin da ya buɗe, doguwar waya kuma tana ɗaukar sa kamar eriya. In aka ga zafin da aka saita yana gusawa da kansa daidai lokacin da rile ya yi ƙara, a gajarta wayoyin inkoda, a raba hanyarsu da ta wayoyin bolt 230, a ƙara rasistocin 10K ko 4.7K na waje maimakon dogaro da na ciki.

In an ɗauke wuta

Tunda ƙidayar inkoda a cikin manhaja take, tana mutuwa tare da wuta. Na'urar da aka saita a 37.5 da dare, aka ɗauke wuta, aka tayar da janareta, za ta farka ne a kan duk lambar da aka rubuta mata a farkon manhaja. A wurin da wuta ba ta yankewa wannan ƙaramin lahani ne. A Malali ko Badarawa, inda na'ura ɗaya za ta iya sauya hannu tsakanin wutar NEPA da janareta da inbata a yini guda, shi ne lahanin da ya fi kowanne.

ATmega328P tana da wata 'yar ma'ajiya mai suna EEPROM, bayit 1024, wadda ba ta gogewa in wuta ta tafi. A nan ake ajiye saitin. Ya fi kyau a ajiye zafin a matsayin cikakkiyar lamba, 375, a sa ɗigon lokacin nunawa a sikirin kawai. Sai dai kowane gurbi na ma'ajiyar an lamunce masa rubutu sau 100,000 ne, kuma kowane rubutu yana ɗaukar milisakan 3.3. Manhajar da ke rubutawa a kowane zagaye ba tare da dubawa ba za ta cinye wannan adadi cikin minti biyar da rabi. Ka'idar ita ce a rubuta sau ɗaya, lokacin da aka danna maɓallin tabbatarwa ko bayan hannu ya bar mamurɗin da 'yan sakanni, kuma a yi amfani da EEPROM.put ko EEPROM.update, waɗanda ba sa taɓa gurbin in abin da ke ciki bai sauya ba. Sabuwar ƙwaƙwalwa kuma kowane gurbinta 255 ne a ciki, saboda haka a farkon tashi manhaja ta duba: in lambar da ta tarar ba ta tsakanin 350 da 400, ta koma 375.

Da zarar an yi wannan, inkoda ta wuce bolum a irin wannan aiki. Mamurɗi ɗaya yana saita komai: a juya a zaɓi zafi ko laima ko kwanaki, a danna a shiga, a juya a sauya, a danna a ajiye. Ana iya hana shiga saiti sai an riƙe maɓallin sakan uku, wanda ya isa ya kare ƙwai daga hannun yara. Ana iya sa iyaka ta yadda ko an yi ta murɗawa ba za a wuce 39.5 ba. A lambobi masu faɗi kuma, in tazarar gaɓa da gaɓa ta gaza milisakan 50, sai a riƙa ƙara goma-goma maimakon ɗaya-ɗaya.

Makunni mai matakai da na maganaɗisu

Wani lokaci zaɓin kaɗan ne kuma sananne. Kaza kwana 21, talo-talo 28, zabo 26 zuwa 28, agwagwar gida 35. A nan makunni mai juyawa mai matsayi huɗu ko biyar ya wadatar, a rubuta sunan kowane tsuntsu a jikin akwatin. Ana iya ba kowane matsayi ƙafarsa, ko a jera rasistoci masu daraja ɗaya daga bolt 5 zuwa GND a karanta duka da ƙafar A1 kaɗai. Ba ya mantuwa, ba ya bukatar sikirin, kuma wanda bai iya karanta lamba ba yana iya aiki da shi in an zana hoton tsuntsun. Ragiletar fanka ma irin wannan makunnin ne a cikinta, amma wutar gida take ɗauka. Ba a haɗa ta da allon Arduino sai an ciro makunnin shi kaɗai an raba shi da duk abin da ke tare da shi.

Inda ƙura ta yi yawa har inkoda ba ta shekara, kamar wurin niƙa ko shagon kafinta, akwai AS5600 na kamfanin ams na ƙasar Ostiriya. Ɗan maganaɗisu ake mannawa a gindin mamurɗin, ita kuma tana ƙarƙashinsa ba tare da sun taɓa juna ba, tana auna inda ya fuskanta cikin matakai 4096 a zagaye guda. Ba abin da ke gogar wani, don haka ba abin da ke cinyewa, kuma ana iya rufe ta ruf a bayan roba. Tana magana ta I2C, a kan A4 da A5 tare da sikirin. Sharaɗinta shi ne maganaɗisun ya zama irin wanda arewarsa da kudunsa suke gefe da gefe na faifan, ba sama da ƙasa ba. Na lasifika ko na ƙofar firji ba ya yi.

Kowanne aka zaɓa, a ɗaure shi da noti a jikin akwatin, kada a bar ƙafafun da aka liƙa da dalma su ɗauki nauyin hannu, domin nan ne yake fara karyewa. Kafin a zuba ƙwai kuma, a saita na'urar, a zare fulogi, a mayar, a yi haka sau da yawa, wasu a tsakiyar murɗawa. Na'urar da ta dawo kan 37.5 kowane karo ita ce ta cancanci a ba ta kiret na farko.